Tsofaffin Ɗakin Sani

Azumin bana ya faɗo cikin zafin da ke gaban damina, irin zafin Lome da ba ya ƙona fata, sai dai ya jiƙa mutum ya bar shi a jiƙe. Rabon azumi da wannan lokaci shekara talatin da 'yan kai ke nan. Yanzu idan aka ɗauke wuta a gidanmu na Zongo babu mai ɗaga kai. Akwai allunan sola a kan rufi, akwai wani farin akwati a jikin bango da 'yata ta sa aka kafa, ba shi da murfi, ba shi da wari, ba ya cewa uffan. Fanka ko numfasawa ba ta yi. A wancan azumin kuwa wutar gidan nan tana da murya, kuma mun yi mako biyu muna sauraronta ba mu gane abin da take faɗa ba.

Ina Duwala saƙo ya same ni cewa ƙanena Sani ya rasu. Ni mutum ne da hanya ta cinye. Na yi fataucin goro a Kumasi, na sayar da kayan mota a Abijan, na yi shekara biyu a Jidda ina yi wa alhazai tafinta. Sani bai taɓa wuce Kwatano ba. Aikinsa gyaran wutar jiragen kamun kifi a tashar jirgin ruwa, shi ya sa duk Zongo ke ce masa Sani Kuran, don a nan kuran muke ce wa lantarki. Matarsa ta riga shi da shekaru, bai sake aure ba. Ciwon ciki ne na kwana uku ya ɗauke shi. Na iso an riga an binne shi, saura kwana huɗu a ga wata.

Mutum biyu na tarar a gidan: mahaifiyarmu Inna, da ƙanwarmu Ladi mai kula da ita. Inna tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura safe da yamma. Maganin yana cikin ƙananan kwalabe shida da wani ɗan'uwanmu ya kawo daga Ankara ta Gana, domin a watannin nan an neme shi a Lome an rasa. Shi kuma magani ne mai tsoron zafi. Idan ya sha zafi ba lallai ya canja kama ba, sai kawai ya daina aiki, ka yi ta tsira wa mutum ruwa kana zaton magani ne. Saboda haka Sani ya ciro wani ƙaramin firji daga tsohon jirgi, mai cin wutar batir kai tsaye, ya ajiye shi a ɗakin Inna. Waya ta bi ta cikin bango ta shiga ɗakinsa, inda baturan suke. Babu mai shiga ɗakin nan tun yana raye. Da ya rasu Inna ta sa kwaɗo ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Ba za a buɗe ba sai an yi addu'ar arba'in," in ji ta. "Ƙamshinsa na ciki."

Na san akwai batura a ɗakin. Amma ni batir ɗin mota na sani, wanda ake ɗaurawa a manta da shi har ranar da ya ƙi tashi. Ban ga abin damuwa ba.

Ranar da na iso Ladi ta ja ni gefe ta ba ni wasiyyarsa.

"Yaya, a asibiti ya kama hannuna. Ya ce, Ladi, tsofaffin nan, a riƙa ba su ruwa, kada a bari su bushe. Sau uku ya faɗa. Bayan nan bai sake magana ba."

Na ce Allahu Akbar, Sani ya tafi da kyakkyawar niyya. Na ba ta labarin masu arzikin da na gani a Jidda suna barin wasiyyar a shayar da masu ƙishi. Da azumi ya kama, kullum kafin magariba Ladi ta cika bokiti biyu daga randa, ni kuma in ɗauka in kai ƙofar masallaci, inda tsofaffin unguwa ke zama a kan tabarma suna jiran kiran salla. Suna sha suna yi wa Sani addu'a. Hankalinmu ya kwanta cewa mun sauke nauyi.

Zafin shekarar nan ban ga irinsa ba ko a Jidda. Can rana ce ke dukanka, in ka shiga inuwa ta ƙyale ka. A nan inuwar ma gumi take yi. Iskar teku da ke isowa Zongo da yamma ta daina zuwa. Gajimare ya taru ta gabas kullum, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, sannan ya watse ba ɗigo ko ɗaya. Ruwan rijiya ya ja baya ya ƙara gishiri. Wuta kuwa ana ɗauke ta da an idar da sallar asuba, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Wasu suka ce ruwa ne ya ƙafe a madatsar Gana, wasu suka ce injina ne suka tsufa. Teloli suka koma keken ƙafa. Masu niƙa suka rufe, mata suka fito da turame, sai ka ji unguwa ta ɗauki daka tun hantsi kamar ƙauye. Ƙanƙara ta zama abin da ake ba da labarinsa. Ladi takan dama koko da azahar ta rufe, ta jiƙa wake, ta soya ƙosai da la'asar gumi na ɗiga daga haɓarta cikin murhu. Ni aikina ɗebo ruwa da yi wa Inna fifita. Ita ba ta azumi saboda ciwonta, amma ba ta yarda ta sha ruwa a gabanmu, sai ta juya fuskarta bango.

Ranar biyar ga wata bayan la'asar, ina shirin ɗaukar bokiti, Ladi ta kira ni da murya ƙasa ƙasa.

"Yaya, zo ka ji."

Tana tsaye a ƙofar ɗakin Sani, hannunta a ƙirji. Na kara kunne a jikin katakon. Da farko ban ji komai ba sai bugun jinina. Can sai na ji. Wani motsi ne siriri, ba ya yankewa, kamar leɓɓan mutum yana jan carbi shi kaɗai. Yakan yi sama kaɗan, ya sauko, ya ɗan tsaya kamar mai haɗiyar yawu, ya ci gaba.

Sani yana da wuridin da yake yi tsakanin la'asar da magariba, a ɗakin nan, ƙofa a rufe. Duk gidan mun sani.

Na ce ɓera ne. Da muka juya sai muka ga Inna a bayanmu, ta jawo tabarmarta da kanta, ita da ba ta iya ɗaukar buta. Ta shimfiɗa a bakin ƙofar ta zauna ta jingina kanta.

"Ku yi a hankali," in ji ta. "Wuridinsa yake yi."

Daga ranar nan kullum sai motsin ya zo. Na sha jin irin waɗannan labarai a garuruwa, kowane gari da nasa, kuma na sha yi wa masu ba da su dariya a cikin harshensu. Amma wannan da kunnena na ji. Yau ina mamakin yadda ban lura ba cewa muryar tana farawa ne jim kaɗan bayan an dawo da wuta. Lokacin dawowar wuta shi ne lokacin wuridin Sani, kuma zuciyata ta zaɓi wanda take so a cikin biyun.

Maƙwabciyarmu Da Akosiwa, 'yar ƙabilar Mina ce mai sayar da bandar kifi, ta shigo ta saurara, ta ji wasiyyar daga bakin Ladi, sai ta girgiza kai.

"Ba tsofaffin masallaci yake nufi ba," ta ce mini da Minanci. "Tsofaffin gida yake nufi, waɗanda suka riga mu tafiya. Su ne ke jin ƙishi."

Ta je ta kawo ƙoƙo da ruwa ta ajiye a gefen ƙofar. Ladi ta yi a'uziyya, ni ma na yi. Amma babu wanda ya ɗauke ƙoƙon. Da gari ya waye babu ruwa a ciki. Na ce kyanwa ce.

"Yaya, ka taɓa ganin kyanwa a gidan nan?" in ji Ladi.

Sai wari ya biyo baya. Da farko kaɗan kaɗan ta ƙarƙashin ƙofa, kamar ƙwai ya ruɓe a wani lungu. Daga baya ya cika zaure, yana kama maƙogwaro, ga mutum da azumi a baki. Firjin kuma ya fara gajiya. A farkon wata yakan riƙe sanyi har a dawo da wuta. Zuwa goma ga wata da azahar yake yin shiru. Zuwa sha biyar, hantsi bai gama ɗagawa ba sai ka ji injinsa ya yi tari sau biyu ya mutu. Ladi ta riƙa ɗauko kwalaben tana karawa a kumatunta don ta ji ko da sauran sanyi.

Unguwa ta taya mu. Aka sa kwalaben cikin gwangwani, aka saka gwangwanin cikin randa, aka lulluɓe randar da jiƙaƙƙen buhu, matan maƙwabta suna karɓa karɓa wajen fifita. Sau uku na taka har kasuwar Hedzranawoe wurin masu ɗanyen kifi neman ƙanƙara, in dawo da abin da bai fi dunƙulen hannu ba, sauran ya tsiyaye a bayan rigata. Duk da haka Inna ta fara canjawa. Leɓɓanta suka bushe. Ta daina juya fuska bango, tana shan kofi ɗaya tana neman na biyu. Wata safiya Ladi ta nuna mini tururuwa sun yi layi zuwa inda ta zubar da fon fitsarin Inna. Mu duka mun san ma'anar wannan: suga ya hau, maganin ya daina aiki. Na roƙi Inna makullin, ta damƙe bakin zanenta ta ce saura kwana nawa ne a yi arba'in, ba za mu iya haƙuri ba? Na roƙi Da Akosiwa ta sa masunta su nemo mana wanda ya yi aiki da Sani. Aka ce akwai abokinsa Fo Kojo, amma yana teku.

Ranar ashirin ga wata Ladi ta kai ƙarshe.

"Yaya, wannan ba Sani ba ne. Sani ba ya wari. Wani abu ne ya samu ɗaki babu kowa ya tare, kuma shi ke shanye Inna."

Ta samo turaren da ake korar iska da shi. Bayan la'asar Inna ta yi gyangyaɗi a kan tabarmarta, Ladi ta kwance makullin a hankali, ta zuba garwashi jajir a kasko ta barbaɗa turaren. Muryar tana ta yi a ciki, ranar ta fi kullum ƙarfi. Na tsallake ƙafafun Inna na buɗe kwaɗon. Da na tura ƙofar wani zafi mai tsami ya mare ni a fuska har idona ya kawo ruwa. Ladi ta yi bisimilla ta ɗaga ƙafa, kasko a gaba.

Ƙarar faɗuwar keke na fara ji. Sai ga wani gajeren mutum mai furfura ya keto tsakar gida da gudu yana ihu da Minanci, ya kai wa kaskon duka. Garwashi ya watse can wajen rijiya.

"Kai wane ne," in ji Ladi, "da za ka shigo gidan mutane ka doki hannun mace?"

"Yi haƙuri, Hajiya," ya ce da irin Hausar bakin teku da ba ta raba mace da namiji. "In wutan nan ya shiga ciki, kai da Alhaji da tsohuwa da bango, duka ya tafi."

Shi ne Fo Kojo. Da safen nan jirginsu ya dawo. Ya ce tun daga bakin titi ya ji warin. Ya hana mu taɓa komai a ɗakin, ya fita waje ya zare fis daga mita, ya zaga ta baya ya ɓalle tagar da sanda. Muka ɗauke Inna da tabarmarta zuwa gindin mangwaro. Muna tsaye muna ji muryar ta fara ja da baya, tana rarrabewa, ɗaya, sai can ɗaya, har ta ɗauke. Shirun da ya biyo baya ne ya tashe ta.

"Wa ya katse masa?" in ji Inna.



Sai da iska ta ratsa ɗakin sosai Fo Kojo ya yarda muka shiga. Gadon Sani a gyare, carbinsa a kan filo. A jikin bango, a kan katako, batura huɗu ne baƙaƙe, kowanne sai mutum biyu sun ɗauka. Kawunansu sun yi fari da kore kamar an yayyafa gari. Ya ɗora bayan hannu a kan ɗaya ya janye da sauri. Ya kwance murfi ya leƙa, ya yi tsaki.

"Wa yana ba tsofaffi ruwa?"

"Ni," in ji Ladi. "Kullum bokiti biyu, Yaya ke kai musu masallaci."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya fara dariya, dariyar ta juye masa, ya zauna a bakin gadon Sani ya rufe fuska da hula.

Da ya natsu ya ba mu labari. Baturan nan daga wani jirgi da aka yanka Sani ya kwaso su, an riga an yanke musu ƙauna. Ya yi ta jinyarsu har suka ninka shekarun da ake ba irinsu. Duk tashar jirgi tsofaffin Sani ake ce musu. In zai tashi daga aiki ran Juma'a sai ya ce bari in je in shayar da tsofaffina. Harshe shida nake ji, na ci abinci da tafinta a ƙasashe uku, ga shi kalmar Hausa guda ɗaya ta kayar da ni a gidan ubana.

Fo Kojo ya ce waɗannan ba irin na mota ba ne, mai ba da ƙarfi sau ɗaya ya huta. Waɗannan a hankali suke bayarwa yini guda, kuma suna shan ruwa, a zafi sun fi sha. Na'urar cajin baturan kuwa Sani ne ya haɗa ta da hannunsa, ba ta san tsayawa ba, tana da wani maɓalli da yake murɗawa ƙasa da ya ji sun fara ƙunƙuni. Wata guda babu mai murɗawa. Abin da muke ji tafasarsu ce, suna ƙone ruwan jikinsu, suna cika ɗaki da iskar da tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta kama da wuta.

Sai ya zo kan na farko, na kusa da gado, ya tsaya. Murfinsa ɗaya a buɗe yake, da mazurari a soke a bakinsa, ga jarkar tataccen ruwa a gefe. Ya leƙa ramukansa ɗaya bayan ɗaya. Sauran ukun sun bushe har allunan dalmar ciki sun fito fili. Wannan kuwa ruwansa na nan daidai inda ake so. Ya zare mazurarin ya shafa cikinsa da yatsa. Yatsan ya fito a jiƙe.

"Sani yana cikin ba shi ruwa ciwon ya kama shi," na ce da Minanci, da Ladi ba ta ji sosai, don kada ta tsorata. "Danshin kuma tururi ne."

"Haka ne," in ji Fo Kojo. Bai dube ni ba. Ya goge yatsan a wandonsa ya daɗe yana gogewa.

Shi Kirista ne, amma shi ya tuna mana cewa an kira magariba tun ɗazu ba mu sha ruwa ba.

Biyu daga cikin baturan sun kumbura, ba su dawo ba. Na farkon da wani guda suka rayu. Fo Kojo ya yi kwana uku yana zuwa yana koya mini. Duk Juma'a a buɗe a leƙa. Ruwa ya rufe allunan da kamar faɗin yatsa, kada a cika har baki. Tataccen ruwa kawai, ba na rijiya ba, domin gishirin rijiyar Lome kashe su yake yi, kuma ba a ƙara asid ko da wa ya ce a ƙara. Kada a bari su zube ƙasa da rabi, in sun sauka kada su kwana da yunwa in akwai wuta. In sun fara magana a murɗa maɓalli. A wanke kawunansu da ruwan kanwa a kula kada ya shiga ciki, a shafa musu basilin. Taga a buɗe, wuta a nesa. Muka lulluɓe firjin da bargo, aka daina buɗe shi sai sau biyu a yini. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a zubar da kwalbar da aka fara, a gwada sabuwa. Cikin kwana huɗu tururuwa suka daina zuwa, Inna ta koma juya fuskarta bango.

Ruwan farko ya sauko ana saura kwana biyu salla, da rana tsaka. Ƙasa ta yi wannan ƙamshin, yara da manya suka fito suka tsaya a ciki, masu azumi suna rufe baki suna dariya. Na bari ya wanke sama tukuna, sannan na ajiye robobi a tsakiyar fili nesa da kwanon rufi, na tace da farin ƙyalle na cika jarkar Sani, don Fo Kojo ya ce ranar da babu tatacce wannan ya fi na rijiya. Ina tacewa Inna ta kira ni daga ƙofar ɗakinta. Tun ranar nan ba ta sake zama a bakin ɗakin Sani ba.

"Garba, na ji bayaninku. Batir ne."

"Batir ne, Inna."

"To. Amma da kun bar mini shi har arba'in."

Ta rayu shekara shida bayan nan. Tsofaffin biyu sun yi shekara huɗu a hannuna kafin in sake wasu. Kayana da na bari a Duwala wani ne ya sayar ya aiko mini da kuɗin, domin ko'ina na yi niyyar zuwa sai in lissafa in ga Juma'a za ta same ni a hanya. Yanzu farin akwatin 'yata ba ya bukatar kowa, ɗakin Sani ma buhunan shinkafa ne a ciki, mazurarin yana rataye a ƙusa, a bushe. Tun daga wancan azumin ban sake yin kwana bakwai a jere a wajen Lome ba.